Jar Fitilar 'Yan Burodi

Akwai wani laifi da a da ba mu cika ganinsa ba sai wurin maroƙa da 'yan dambe, yanzu kuwa ya shiga aljihun kowane saurayi tare da wayar hannu: son a kalle ka. Shi kansa ba haramun ba ne. Inda ya zama mugun abu shi ne mutum ya ba ka amanar bayansa, kai kuma ka jefa shi cikin hatsari don waɗansu da ba su san ka ba su tafa maka. Abin da Taufiq ya yi ke nan, kuma a gaban idonmu ya biya.

Mu tara ne muke ɗaukar burodi daga gidan burodin Hajiya Sakinatu da ke Kpakungu a Minna, mu bi hanyar Bida muna sauke wa masu shayi, har Gidan Kwano, bakin jami'a. Burodi yana fitowa daga tanderu bayan sallar isha'i. A bar shi ya sha iska, a sa shi a leda, mu jera a akwatunan katako da ke ɗaure bayan kekunanmu. Ƙarfe tara mun hau. Masu babur sun sha yi mana dariya, sai da kuɗin fetur ya tashi suka daina. Keke ba ya shan komai sai gumin mai shi, kuma ba ya girgiza burodi ya iso a murƙushe kamar an zauna a kansa.

Ba zan ɓoye ba, sana'a ce mai daɗi. Zafin ranar Minna ya kwanta, iska tana shigowa ta wuyan riga, ƙamshin burodi mai ɗumi yana bin ka daga baya. Da damina kwaɗi suna ta surutunsu a fadamun gefen hanya, gonakin doya suna ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. In mun isa Gidan Kwano mun sauke na ƙarshe, sai mu zauna a bencin Ishaku mai shayi, mu miƙe ƙafa, kowa ya karɓi kofinsa. Na ga mutanen da suka fi mu kuɗi, ban ga waɗanda suka fi mu barci mai nauyi ba.

Sai dai hanyar ta manyan motoci ce, tirela da tanka ba sa yankewa. Don haka tun kafin a haifi Taufiq muke da tsarinmu. Layi ɗaya muke tafiya. Na gaba yana da farar tocila, shi ke kiran ramuka, kuma ni ke riƙe da wannan wuri. Na ƙarshe kuwa muna ce masa wutsiya. Wutsiya yana da babbar jar fitila a bayan kekensa da usur rataye a wuya. Ƙaramar mota in ta taho, ya busa sau ɗaya. Tirela ko tanka, sau biyu, kowa ya sauka daga kwalta ya bi gefe. Babu mai waiwaye. Akwatin da ke bayanka ya fi kanka tsawo, in ka juya wuya keke zai kwashe ka. Saboda haka duk abin da ke zuwa daga baya, mutum takwas ba su san shi ba sai ta bakin mutum ɗaya.

Wutsiya yana da haƙƙinsa. Rabin kaya yake ɗauka. Kofin farko a wurin Ishaku nasa ne, da madara, ko da dattawa na zaune. Kuma Hajiya tana ware masa burodi guda mai zafi kowane dare, ya kai gida.

Jar fitilar Kawu ne ya haɗa ta. Kawu mai gyaran keke ne a gindin mangwaron da ke kallon gidan burodi, kakansa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna. Gilashin fitilar bayan wata matacciyar tirela ya samo, ya haɗa da batirin babur da makunni a ƙarƙashin sirdi. In ka kunna ta, kwaltar da ke bayanka takan yi ja kamar an zubar da manja. Shi ya fara riƙe wutsiya har gwiwa ta hana shi hawa. Daga shi sai Shekwolo, shekara goma sha ɗaya, ba a taɓa ko ƙuje wa wani gwiwa ba.

Shekwolo ɗan ƙabilar Gbagyi ne, ya haura sittin, siriri, ƙwaurinsa kamar an sassaƙa da itace. Da safe yana gonar doyarsa, da dare yana kan keke. In tafiya ta miƙe sai ya kama waƙa da yarensu, mu da ba ma ji mu riƙa amsa masa da abin da ya zo bakinmu.

Kyamara ta shigo ne bayan wata tanka ta shafi akwatin Gaiya, ɗaya daga cikinmu, ta watsar da burodi ta wuce, aka rasa wanda ya riƙe lambarta. Farida, 'yar Hajiya da ke karatu a jami'a, ta ce akwai wata 'yar kyamara da ba ta kai kwalin ashana biyu ba, ana ɗaura ta a keke, tana gani ko da dare. Hajiya ta sa aka sayo. Kawu ya ƙera mata mazauni a saman jar fitila, tana kallon baya, don ta ɗauki fuskar mota da lambarta.

Matsalar ita ce abin yana son caji, yana son a cire memori a duba a share. Shekwolo ya jujjuya ta a tafin hannu ya ce, "Wannan ba abokin tsoho ba ne. Maɓallinsa ma yatsana ya fi shi girma."

Taufiq ne ƙaraminmu, shekararsa ashirin da uku, yana da ƙarfi, ga fara'a, ga sanin waya. Hajiya ta ce a ba shi wutsiya. Babu wanda ya ja. Shekwolo da kansa ya cire usur daga wuyansa ya rataya masa.

"Ɗana, abu ɗaya ne. Kar ka jira ka tabbatar. Da ka ga haske mai tsawo, busa."

"Baba, kar ka damu. Ni da kyamara ido huɗu ne."

"Kyamara ba ta busa usur," in ji Shekwolo. Ya koma na biyun ƙarshe, gaban Taufiq.

Wata uku yaron nan ya yi aiki babu abin faɗa. Kyamarar ma ta yi amfani. Sau biyu Hajiya ta ɗauki hoton lambar mota ta je tasha wurin shugabannin direbobi, aka kira mai laifi aka ja masa kunne. Direbobin da suka saba hanyar suka fara ba mu fili tun daga nesa, wani ma ya danna mana hon na gaisuwa.

Taufiq ya riƙa yanko guntayen hotunan yana ɗorawa a Tiktok. Mukan kalla a bencin Ishaku mu yi dariya, don ba mu taɓa ganin yadda bayanmu yake ba. Amma shi ransa bai so ba. Tirela ta taho, ta ga jar fitila, ta buɗe ta wuce lafiya lau. Wa zai tsaya kallon wannan? Mutum arba'in, hamsin, rabinsu 'yan unguwarsu ne.

Ranan nan batirin fitila ya mutu a hanya, da gaske, ba da hannun kowa ba. Wata tirela ba ta gan mu ba sai da ta zo dab, direba ya danne hon ya kauce, iskarta ta kusa ɗebe mana huluna. Allah ya kiyaye. Washegari Kawu ya canja batir. Taufiq kuwa ya ɗora hoton, kafin sati mutum dubu goma sha ɗaya sun kalla. 'Yan jami'a suka fara nuna shi a wurin shayi. "Kai ne mai keken nan? Wallahi kana da zuciya." Wata ma ta ɗauki hoto da shi.

Daga nan muka lura direbobi sun lalace. Dare biyu, dare uku, sai wata ta zo mana a wuya, usur da hon su tashi lokaci guda, mu faɗa gefe a gigice. A wurin shayi muka yi ta zaginsu.

"Ƙwaya suke sha," in ji Gaiya.

"Sababbin yara ne aka ba manyan motoci," in ji ni. Na faɗa, kuma na yarda da abin da na faɗa.

Shekwolo kaɗai ya ce, "Taufiq, usur ɗinka yana makara."

"Baba, gudu suke yi. Kafin in kai shi baki sun iso."

Ishaku ya miƙa masa kofin farko, magana ta wuce.

Daren wata Laraba, an yi yayyafi da yamma, gefen hanya ya yi santsi. Mun wuce Gidan Mangoro, muna gangara wajen wani kwalbati, na ji hon a bayana kamar za a tsaga sama, na ji ƙarar birki, na ji katako ya daki siminti. Tanka ta wuce mu tana layi, ba ta tsaya ba. Da na jingine keke na koma da gudu, Shekwolo yana cikin lambatu, keke a kansa, burodi warwatse cikin ruwa. Motar ba ta taɓa shi ba, iskarta ce ta ɗauke shi. Wuyan hannunsa na dama ya gurɗe, goshinsa ya fashe.

Abin da ya fara cewa da muka ciro shi: "Ban ji usur ba."

"Na busa, Baba! Sau biyu! Wallahi na busa, fitila tana kunne, kowa ya ji. Gaiya, ba ka ji ba?"

Gaiya ya sosa ƙeya. "Na ji wani abu tare da hon."

Muka duba, ga jar fitila tana ci, kwalta ta yi ja. Me za mu ce?

"Ina ganinsa," in ji Taufiq. "Kowa ya sauka gefe, shi yana kan kwalta yana waƙa. Kunnen Baba ne. Tun ba yau ba nake lura, kunya ce ta hana ni faɗa."

Shekwolo ya dube shi.

Yana da ɗa, Stephen, yana aiki a wani kantin magani a Tunga. Dama ya daɗe yana roƙon uban ya bar hawan dare. Washegari ya zo gidan burodi da kansa, da sarƙa da kwaɗo a hannu. Ya ɗaure keken uban a jikin ƙarfen taga, ya sa mabuɗi a aljihu.

"Hajiya, ki yi haƙuri, ba raini ba ne. Mutumin da ba ya jin usur ba zai sake hawa titin nan ba. Jiya lambatu ne, gobe ƙarƙashin taya ne."

Hajiya ta ce gaskiyarsa ne. Ta ce Baba Shekwolo in ya warke ya zo ya zauna a inuwa yana sa burodi a leda, ba za ta rage masa komai ba.

Ya zo ɗin, bayan kwana biyar, da hannu a ɗaure. Ya zauna cikin mata masu leda yana yi da hannun hagu. Ƙarfe tara in za mu hau, sai ya fito ya tsaya kusa da kekensa da ke ɗaure, ya taɓa tayar gaba ya ji ko da iska. Ba ya waƙa. Na ce masa, "Tsoho, ka samu hutu, kana ɓata rai?" Ya ce, "Kai ma ka yarda na kurumce?" Na ce shekaru ba sa neman izini. Ya ce, "Yanzu haka ina jin ɓera yana cin leda a bayan buhun fulawa. Je ka duba." Ban je ba. Na yi kuskure a nan, kuma na faɗa masa daga baya.

Taufiq ya ɗora hoton daren, ya ɗora masa kiɗa a kai, ya rubuta cewa ga yadda direbobi ke neman kashe talakawa. Wannan karon abin ya wuce dubu ɗari. Ya sayi sabuwar hula, ya fara zuwa aiki da tabarau a goshi, da dare.

Kawu ba ya riƙe babbar waya. Gaiya ne ya kai masa faci da hantsi, yana jira ya ce, "Kawu, ka ga yaronmu ya yi suna?" Ya miƙa masa. Ina zaune a wurin. Kawu ya goge hannu a tsumma, ya nisanta wayar daga idonsa, ya kalla. Ga fitilun tanka suna tahowa daga nesa, suna girma, suna girma, har suka cika fuskar wayar, sannan hoto ya karkace.

"Maimaita."

Gaiya ya maimaita.

"Nuna mini na farko-farko. Na lokacin da aka kawo abin."

Gaiya ya yi ta jan yatsa har ya samo. Kawu ya kalla, ya ce a koma na tanka. Ya ajiye tsumma.

"Ina jan?"

"Wane ja, Kawu?"

"Kai makaho ne? Dubi tsohon hoton. Ƙasan hoton nan, kwalta ja ce, har ciyawar gefe ja ce. Kyamara a kan fitila take zaune, ni na ɗaura ta, ba yadda za a yi fitila tana ci ta kasa ganin haskenta. Yanzu dubi na ranar Laraba."

Muka sunkuya. Kwalta baƙa ƙirin, sai farin hasken tanka.

"Wataƙila batir ne," in ji Gaiya.

"Batirin da na sa sabo? Ku da kuka ce kun tarar da ita tana ci a bakin lambatu?"

Ya tashi da gwiwarsa mai ciwo, ya bar faci a buɗe, ya tsallaka titi zuwa wurin Hajiya.

Hajiya Sakinatu ba mai hayaniya ba ce. Da yamma ta aika aka kira Stephen. Bayan isha'i, mun gama ɗaure akwatuna, ta ce kowa ya shigo ofis. Farida ta riga ta jona kwamfutarta da talabijin. Hajiya ta miƙa hannu.

"Taufiq, kawo kyamarar nan."

"Hajiya, tana kan keke, mun kusa makara."

"Burodi ba ya gudu. Kawo."

Ya kawo. Farida ta zare memori. Ya ce ai na ranar ya share. Ta ce masa, "Ka share a wayarka. Wannan ko sau ɗaya ba ka share shi ba tun watan jiya, ga su nan a jere." Ashe yana tara su ne don ya riƙa yanka a hankali.

Ta buɗe na Laraba, babu kiɗa. Muka ji ƙarar sarƙar keke, da kwaɗi, da muryar Shekwolo can gaba yana waƙa. Kwalta ja. Can nesa fitilu biyu masu tsawo suka ɓullo. Sai muka ji ƙas, ƙarar makunni. Jan ya ɗauke.

A cikin talabijin muryar Taufiq, ƙasa-ƙasa, kamar mai kiran akuya: "Yawwa. Taho. Matso, matso." Hoto ya ɗan girgiza, alamar shi ya sauka gefe abinsa. Fitilu suka cika ko'ina. Hon ya tashi, usur ya biyo bayansa. Katako ya daki siminti. Sai ƙas, kwalta ta koma ja.

"Waya ce ta saki," in ji Taufiq. "Wani lokaci in na taka rami tana ɗaukewa."

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Shekara talatin ina haɗa waya, ban taɓa ganin mai hankali irin wannan ba. Ba ta saki sai ta hango tirela, in ta wuce kuma ta ɗaure kanta. Farida, duba mana sauran."

Ta duba. Dare tara ta samo, duk iri ɗaya: ƙas kafin mota, ƙas bayan mota. A na shida ma har dariyarsa ta fito.

Gaiya ya miƙe, sai da na riƙe shi. "Ni ma ina layin nan! 'Ya'yana huɗu! Don 'yan mata su ɗauki hoto da kai?"

Taufiq ya durƙusa. "Hajiya, wallahi ban yi nufin wani ya faɗi ba. Na ga kullum suna kaucewa. Na ɗauka zan iya auna shi."

"Ban tambaye ka nufinka ba," in ji ta. "Faɗuwa tsautsayi ne, sai ka ce. Kunnen dattijon nan fa? Shi ma tsautsayi ne ya sa ka ce ya mutu?"



Stephen ya ciro waya ya ce ofishin 'yan sanda za a je, yanzu. Uban ya ɗaga hannun hagu.

"Stephen, mayar da wayar."

"Baba, ya kusa kashe ka."

"Na sani, ina wurin. In an kulle shi, hannuna zai warke da wuri? Ni abu ɗaya nake so a ɗakin nan, kuma yana aljihunka."

Stephen ya tsaya yana kallonsa. "Baba, ko da kunnenka lafiya, shekarunka fa?"

"Shekaruna sun hau keke kafin a haife ka, da su na biya maka makaranta. Ranar da na daina ji, ni zan kawo maka keken da kaina. Ba ni mabuɗi."

Ya ba shi. Shekwolo ya fita, muka bi shi. Da hannu ɗaya ya buɗe kwaɗon, ya zare sarƙar ya miƙa wa ɗansa, ya ce ya kai gida a ɗaure akuya da ita. Har Hajiya sai da ta yi dariya.

Sannan ya koma wurin Taufiq, wanda ke tsugune a bakin ƙofa, ya miƙa hannu. Yaron ya cire usur daga wuyansa ya ba shi. Shekwolo ya goge bakin usur ɗin da gefen rigarsa, ya rataya wa Gaiya, ya ce ya riƙe masa kafin hannu ya warke.

Sati uku ya ɗauka. Daren da ya dawo, Kawu ya cire makunnin daga ƙarƙashin sirdi gaba ɗaya, ya haɗa waya kai tsaye, ta yadda in an jona batir a Kpakungu ba mai kashe fitila sai a Gidan Kwano. Kyamara tana nan a mazauninta, don ba ita ta yi laifi ba. Shekwolo ba ya taɓa ta. Farida ce ke kunna ta kafin mu tashi, ita ke cire memori da safe ta duba. Ya koma wutsiyarsa, usur yana tashi tun mota tana can nesa, wani lokaci ma mu sauka gefe mu yi ta jira kafin ta iso, Gaiya yana mita. Mun wuce Gidan Mangoro ya kama waƙa, muka amsa masa. A bencin Ishaku ya karɓi kofin farko, ya hura, ya ce madarar ta yi kaɗan.

Taufiq kuwa Hajiya ba ta kore shi ba, don tana sanin uwarsa. Amma mu takwas muka ce ba za mu hau layi ɗaya da shi ba, gaba ko baya, aka ɗauki wani a gurbinsa. Yanzu da rana yake kai burodi shaguna cikin gari, shi kaɗai, ƙarfe biyu, da cikakken akwati.

Ga abin da ya rasa, don mai son ya ƙirga. Ya rasa wutsiya, da rabin kayan da ke tare da ita. Ya rasa usur da kyamara. Ya rasa kofin farko da burodi mai zafi da yake kai wa uwarsa kowane dare, kuma da bakinsa ya gaya mata dalili. Ya rasa hotunansa, don Hajiya ta tsaya a kansa ya goge su ɗaya bayan ɗaya, mutum dubu ɗari da suka kalle shi kuwa ko ɗaya bai zo ya tambayi inda ya shiga ba. Ya rasa sanyin dare da bencin Ishaku. Ya rasa mutum takwas da suka yi wata biyar suna tafiya a gabansa ba tare da ɗayansu ya taɓa waiwayowa ba.